Yadda Za Ka Ci Abinci da Buɗaɗɗiyar Manhaja a Kano Ba Tare da Ka Taka Doka ko Ka Ɓata da Abokan Aikinka Ba

Ranar da na gama ɗora wa wani Alhaji manhajar lissafin kaya a shagonsa na atamfa da shadda a Kantin Kwari, na miƙa masa takardar kuɗina. Ya sauke tabarau ya dube ni, ya ce, "Malam, yaron shagona ya ce mini wannan abin kyauta ake samunsa a intanet. To kuɗin me zan biya?" Na ce, "Gaskiya ya faɗa maka, Alhaji. Ai ruwan rijiya ma kyauta ne, amma ɗan garuwa ba ya kawo maka shi har ƙofar gida a banza." Ya gyaɗa kai, ya sa aka tura mini kuɗina.

Duk wanda yake wannan sana'a a garin nan zai gamu da tambayar Alhaji. Matasanmu a Farm Centre da titin Beirut, da ɗaliban Jami'ar Bayero da ke karɓar ƙananan ayyuka, kullum suna cikin buɗaɗɗun manhajoji irin su WordPress da Odoo da ERPNext da Linux. Abin da yake ci mini rai shi ne kuskure biyu da nake gani a kai a kai. Wasu sun ɗauka abin da aka ce kyauta ne ba shi da mai shi. Wasu kuma sun ɗauka abota ta isa ta tsaya a madadin takarda. Na biyun ya taɓa cin ni, shi ya sa na zauna na rubuta wannan jagora.

Mataki na farko: ka san cewa manhajar tana da mai ita

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda masu ita suka baje asalin rubutunta, wato kod ɗinta, suka ba kowa izinin ya karanta, ya gyara, ya raba. Izini suka bayar. Mallakar tana nan a hannunsu.

A Najeriya dokar da ke aiki ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Dokar ta sa manhajar kwamfuta cikin jerin rubuce-rubucen da take karewa, kamar littafi. Da zarar mutum ya rubuta abu da basirarsa ya adana shi, haƙƙi ya tabbata, ko bai je ofishin kowa ba. Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana karɓar rajista, amma don ƙarin hujja ne, ba sharaɗi ba ne. Ma'anar wannan a aikace: idan ka ga kod a GitHub, shafin intanet da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu, babu wani lasisi a jikinsa, ba a ba ka izini ba. Ganin ƙofar gida a buɗe ba ya halatta maka ɗaukar tabarmar zaure.

Lasisin shi ne izinin. Richard Stallman ya fara aikin GNU na gina manhajar da kowa ke da 'yancin gyarawa da rabawa a 1983, ya fitar da lasisin GPL a 1989. Linus Torvalds ya saki Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991, daga baya ya sa shi ƙarƙashin wannan lasisin. Kada ka ɗauka wa'azi ne kawai marar ƙarfi a gaban alƙali: wata kotu a birnin Munik na Jamus ta tilasta bin GPL a 2004, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka kuma ta yanke a 2008 cewa wanda ya saɓa sharuɗɗan buɗaɗɗen lasisi ya keta haƙƙin mallaka. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ce da shari'a take karewa. Wanda ya goge sunan masu manhaja ya liƙa nasa, ya ci amana ta ko'ina aka duba.

Mataki na biyu: karanta lasisin kowane abu kafin ka gina a kansa

A nan mutane suka fi ganganci, don haka zan ɗan daɗe.

Lasisan manhaja gida biyu ne. Gida na farko masu sauƙin sharaɗi: MIT da BSD da Apache. Waɗannan sun ce maka ɗauki, gyara, sayar, har ka rufe naka kod ɗin in ka ga dama. Abin da suke nema bai wuce ka bar sunan masu asali da rubutun lasisin a jikin abin da ka raba ba. Apache na biyu, wanda ya fito a 2004, ya ƙara da ba ka kariya daga masu gudummawa game da haƙƙin ƙirƙira, ya kuma nemi ka nuna fayilolin da ka sauya.

Gida na biyu shi ne GPL da 'yan uwansa. Ni a fahimtata ya fi kama da waƙafi mai sharaɗi: mai rijiya ya ce kowa ya ɗiba, amma wanda ya yashe ta ko ya ƙara mata zurfi ba zai kewaye ta da katanga ba. Idan ka ɗauki manhajar GPL ka gyara, sannan ka ba wani, ko sayarwa ko kyauta, wajibi ne ka ba shi kod ɗin gyaranka a ƙarƙashin lasisin nan dai. WordPress a nan yake, ERPNext ma haka.

Abu uku ake yawan ruɗewa a kansu. GPL bai hana ka karɓar kuɗi ba, ka sa farashin da ka ga dama. Kuma muddin a cikin gidanka ko kamfaninka kake amfani da gyaran, ba ka raba wa kowa ba, babu wanda zai ce sai ka fito da shi. Na ukun shi ne mai ɗaci ga ɗan kasuwa: da zarar ka miƙa wa kwastoma, yana da ikon ya ba maƙwabcin shagonsa kwafi, kuma ba ka da ikon hana shi da wata yarjejeniya. In tsarin cinikinka ya dogara ne kan kada kowa ya kwafa, tun yanzu ka san ba a kan GPL za ka gina ba.

Akwai AGPL, wanda ya fito a 2007 don toshe wata ɓaraka. Mutane suna gyara manhaja su ajiye ta a sabar, wato kwamfutar da ake shiga daga nesa, jama'a su yi ta amfani ta intanet, su ce ai ba su raba wa kowa ba. AGPL ya ce ko ta intanet mutane suke amfani da gyararriyar manhajarka, sai ka ba su hanyar samun kod ɗin. LGPL kuma tsaka-tsaki ne: kana iya jingina rufaffiyar manhajarka da shi, amma gyaran da ka yi masa shi kansa sai ka buɗe. Odoo na jama'a a wannan lasisin yake, sai dai kamfanin yana da wani nau'in na kuɗi mai rufaffun sassa. Kwafo waɗancan sassan ka ɗora wa kwastoma sata ce tsantsa, komai yawan masu yi.

Abin da nake yi a kowane aiki shi ne in buɗe jadawali mai layi huɗu: sunan abin da na aro, sigarsa, lasisinsa, da abin da lasisin yake nema a wurina. Ba ya cin minti talatin. Ranar da wata ƙungiya ko banki suka tambaye ka me ke cikin manhajarka, wannan takardar ce za ta fid da kai kunya.

Hotuna da rubutu da sauti suna da nasu tsarin, wato Creative Commons, wanda lasisansa suka fara fitowa a 2002. Harufan da ke jiki ne za ka lura da su. BY na nufin ka ambaci mai abu. SA na nufin abin da ka gina a kai ka sake shi da irin lasisin, kuma da waɗannan biyun Wikipedia take aiki, har da ta Hausa. ND ya hana raba abin da aka sauya. NC ya hana amfanin kasuwanci, kuma shi ne tarkon masu zanen talla: ka ɗauko hoto mai kyau ka sa a allon tallan shagon takalma a Wambai, alhali mai hoton ya ce ban da ciniki. CC0 ne kaɗai aka sallama gaba ɗaya, kamar muryoyin da jama'a ke bayarwa a shirin Common Voice na Mozilla, wanda Hausa ke ciki. In kuma ka sa taswirar OpenStreetMap a manhajar kai saƙo, ka bar ambaton masu ita a jikin taswirar.

Mataki na uku: ku rubuta tsakaninku tun kuɗi ba su shigo ba

A shekarun baya ni da abokaina biyu mun haɗa manhaja don masu kemis. Tana nuna maganin da ya kusa lalacewa, tana riƙe lissafin masu bashi. Ɗaya ya rubuta cikinta, ni na yi fuskarta na mayar da komai Hausa, na ukun ya yi ta yawo shago-shago a Sabon Gari cikin rana yana shawo kan mutane. Unguwarmu ɗaya, makarantar allonmu ɗaya. Da wani ya ce mu rubuta takarda a lokacin, da mun ɗauka zargin juna yake so mu yi.

Sai wani asibiti mai zaman kansa ya nemi manhajar da kuɗi masu kauri, lauyansu ya yi tambaya ɗaya: wa ke da ita? Ranar muka gane ba mu da amsa. Mai rubutun ya ce mafi yawan kod nasa ne. Mai talla ya ce kwastomomi shi suka sani. Ma'ajiyar GitHub da sunan mutum ɗaya take, adireshin intanet da sunan wani, kuɗin da ake ɗan samu kuma asusun bankin na ukun suke shiga. Sai da kawun ɗayanmu ya zaunar da mu a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i, dare biyu, kafin muka iya duban juna. Ya ce, "'Ya'yana, Allah da kansa ya ce a rubuta bashi, ku kun fi sahabbai yarda da juna ne?" Aya ta 282 a Suratul Baƙara yake nufi, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani. Zumunci ya tsira, amma asibitin ya riga ya tafi wurin wasu.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. A dokar Najeriya, haƙƙin mallaka yana fara sauka ne a kan wanda ya rubuta abin, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Mayar da haƙƙi ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce. Saboda haka idan ka biya wani yaro ya rubuta maka wani sashe, biyan kuɗin kaɗai bai mayar da sashen naka ba.

Takardarku ba sai ta yi shafi ashirin ba. Ta faɗi wa zai mallaki kod ɗin, ku a haɗe ko kamfanin da za ku kafa. Ta faɗi kason kowa, da me ya kawo: kuɗi, aiki, ko kwastomomi. Ta faɗi wa yake yanke hukunci in an yi saɓani, da abin da zai faru idan wani ya samu aiki a Abuja ya tafi, ko ya daina zuwa, ko Allah ya yi masa rasuwa, domin haƙƙin mallaka ana gadonsa, kuma a kan rubutu yana kaiwa shekara 70 bayan mutuwar marubuci. Ta faɗi sunan da za a buɗe ma'ajiyar kod da adireshin intanet da asusun banki. Shawarata kan kaso: kada a ba kowa nasa duka a rana ɗaya, a bari ya riƙa cika a hankali cikin shekara uku ko huɗu, don wanda ya yi wata biyu ya gudu kada ya tafi da sulusin guminku.

Idan wani Alhaji ne zai zuba kuɗi ku kuma ku yi aiki, wannan shi ne ƙiradi da malamanmu suka sani tun da daɗewa: riba a raba bisa kason da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi, ba wani adadi yankakke ba, hasarar kuɗi kuma a kan mai kuɗi take, sai in mai aiki ya yi sakaci ko ha'inci. Ku kai takardar wurin malami ya duba ta, ku kai wa lauya ya gyara lafazinta, shaidu biyu su sa hannu.

Mataki na huɗu: rajista

Wannan ba shi da wahala. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, kuma ana yin rajistar ta shafin hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha, amma bashin sana'ar yana kan wuyanka kai tsaye. Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi ne zai iya mallakar kod da sunansa, ya raba hannun jari tsakaninku, kuma mafi ƙarancin jarin da doka ta sa masa naira 100,000 ne. In aikin na al'umma ne ba don riba ba, kamar ƙungiyar masu fassara manhajoji zuwa Hausa, rajistar amintattu ta fi dacewa. Dokar sababbin kamfanonin fasaha ta 2022 ma tana ba da wata shaida ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, wato NITDA, ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba, ku duba ko kun cancanta.

Kada ka manta da suna. Buɗaɗɗen lasisi yana ba da kod, ba ya ba da suna da tambari. Wannan kaifi biyu ne: ba ka da ikon kiran kamfaninka da sunan WordPress, haka nan wanda ya kwafi manhajarka ba shi da ikon sayar da ita da sunanka, in ka yi wa sunan rajista. Rajistar CAC ba ta wadatar a nan. Ofishin rajistar alamun kasuwanci daban yake, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya, kuma rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma 14.

Mataki na biyar: ka san abin da kake sayarwa

Mu koma ga tambayar Alhajin Kwari. Ba manhaja na sayar masa ba. Na shafe kwana uku ina shigar da sunayen kayansa, yadi-yadi, turmi-turmi, bandir-bandir. Na gyara rasit ya fito da sunan shagon. Na tsara ta yi aiki ko intanet ya ɗauke, domin duk wanda ya san kasuwar da azahar ya san yadda sabis yake yi. Na zauna da yaran shago biyu har suka iya rufe lissafin yini ba tare da sun kira ni ba. Wannan ba ya saukuwa daga intanet.

Hanyoyin kuɗin ke nan a garin nan: ɗorawa da saitawa, gyara ta dace da yadda ɗan Singa ko ɗan Dawanau yake ciniki da buhu da katan da bashi, fassara, horarwa, ajiya a sabar, da kulawa ta wata-wata. Ta ƙarshen ita ce mai riƙe gida, domin kuɗin ɗorawa sau ɗaya ake ci. Kada ka raina tsarin. Da sayar da kulawa da tallafi a kan Linux kamfanin Red Hat ya girma har IBM ya saye shi a 2019 a kan kusan dala biliyan 34.

A takardar neman biya ka rarrabe komai: manhaja, babu kuɗi, ɗorawa, kaza, horarwa, kaza, kulawar wata, kaza. Ka faɗa wa kwastoma gaskiya tun farko cewa buɗaɗɗiya ce. Wanda ya ɓoye ya ce shi ya ƙirƙira, ranar da yaron shago ya gano, mutuncinsa ya zube a layin gaba ɗaya, kuma labari a kasuwa ba ya kwana.

Mataki na shida: yarjejeniya da kwastoma

Kusan kowane buɗaɗɗen lasisi yana ɗauke da sakin layi da ke cewa masu manhajar ba su ɗauki alhakin komai ba. Su ya kare, ba kai ba. Kai da ka karɓi kuɗi, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka ka rubuta iyakar askin: awa nawa za ka ɗauka kafin ka amsa kira, sau nawa ake adana kwafin bayanai da inda ake ajiye shi, me ke cikin kuɗin wata, me kuma sai an biya daban, da iyakar diyyar da za a iya nema a wurinka. Ka rubuta wa ke da gyaran da aka yi masa musamman, da cewa kana da damar amfani da shi a wani aikin. Ka rubuta cewa bayanan cinikinsa nasa ne, duk ranar da ya sallame ka za ka miƙa masa su cikakku. Riƙe bayanan mutum don tilasta masa ya zauna da kai zalunci ne, ina roƙon 'yan uwana masu sana'ar nan su bar shi.

Sabunta manhaja ma ya shiga takardar. A watan Disamba na 2021 an gano wata ɓaraka a Log4j, wani ɗan ƙaramin sashe da 'yan sa-kai ke kula da shi, sai ga manyan kamfanonin duniya suna kwana a ofis. Jadawalin nan na mataki na biyu shi zai gaya maka cikin minti biyar ko abin ya shafi kwastomominka.

Idan manhajar tana riƙe sunayen mutane da lambobin waya, balle bayanan marasa lafiya ko na ɗalibai, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hau kanku. Mai shagon ko asibitin shi ne mai iko da bayanan, kai mai sarrafa su ne a madadinsa, kuma doka tana son yarjejeniya a tsakaninku. In aka yi kutse mai haɗari ga mutane, kai za ka sanar da shi nan take, shi kuma yana da awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai. Batun haraji kuma, harajin VAT kashi 7.5 ne cikin ɗari. Ka sami akanta ya duba ko girman cinikinka ya kai a ce ka karɓa.

Mataki na bakwai: idan kai ne za ka buɗe naka

Ka tabbata kana da ikon buɗewa: duk wanda ya sa hannu a rubutun ya yarda a rubuce, kuma lasisan abubuwan da ka aro sun dace da wanda ka zaɓa. In burinka abin ya yaɗu ko'ina, MIT ko Apache. In kana tsoron wani babba ya ɗauka ya rufe, GPL, ko AGPL idan ta intanet ake amfani da ita. Kada ka ƙirƙiro naka lasisin. Ka sa cikakken rubutun wanda ka zaɓa a fayil mai suna LICENSE a saman ma'ajiyar.

Ka yi tunani sosai kafin ka saki, domin magana zarar bunu ce. Sigar da ka riga ka saki a buɗe ba ta dawowa. Da kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa ta Terraform a 2023, jama'a sun ɗauki tsohuwar sigar suka ci gaba da ita da sunan OpenTofu, kuma babu abin da ya iya yi.

Masu kawo gudummawa daga waje kowa yana riƙe da haƙƙin abin da ya rubuta. Hanya mai sauƙi ita ce wadda masu Linux suka ɗauka tun 2004: kowa ya sa layi ɗaya a ƙasan gudummawarsa yana shaida cewa yana da ikon bayar da ita. In kuwa kana da niyyar wata rana ka sayar wa kamfanoni lasisi na daban, kamar yadda masu manhajar MySQL suka yi, sai kowane mai gudummawa ya sa hannu a takardar da ta ba ka wannan ikon, kuma ka gaya musu niyyarka a fili tun kafin su ba ka guminsu.

In ka tarar wani ya ɗauki aikinka ya goge sunanka, fara da adana hujja: hoton allo, kwanan wata, da tarihin ma'ajiyarka da ke nuna ranar da ka rubuta kowane layi. Sannan ka rubuta masa cikin mutunci, ka nuna masa sharaɗin da ya saɓa da yadda zai gyara, domin da yawa rashin sani ne. GPL na uku ma da kansa ya ba mai laifin farko kwana 30 daga ranar da aka sanar da shi ya gyara, izininsa ya dawo. In ya ƙi, sai wasiƙar lauya, sai ƙorafi ga Hukumar Haƙƙin Mallaka. Idan abin ya kai ga shari'a, kada ka ɓata lokaci a kotun majistare: ƙarar haƙƙin mallaka da ta alamar kasuwanci hurumin Babbar Kotun Tarayya ne, kuma tana da reshe a nan Kano.